Tsakanin Murhu da Firji

Ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, musamman ku da kuka fara riƙe tukunya da kanku: amaryar da ta tare bana, ɗalibin da ke girki a kan risho a ɗakin kwanan makaranta, budurwar da ta fara karɓar odar abinci ta waya, saurayin da ya kafa teburin shayi ko tukubar tsire a bakin titi. Yadda za a haɗa kayan ƙamshi miya ta yi daɗi, wannan kun san inda za ku koya. Ni abin da ya dame ni shi ne abin da ke faruwa a cikin abinci a awannin da ba kowa a kansa, bayan an sauke shi daga wuta ko kafin a ɗora.

Yawancinmu mun tashi da cewa hanci ne alƙali. A buɗe tukunya a sansana. In ba tsami, ba yauƙi, ba kumfa, to bisimilla. Hanci yana kama wani abu, gaskiya ne, amma wanda ya fi haɗari yana wuce shi. Ƙwayoyin da ke sa miya tsami ko nama wari daban suke da waɗanda ke jawo amai da gudawa. Na farkon suna ɓata abinci kowa ya gani ya guje shi. Na biyun suna iya cika kwano, abincin yana nan da ƙamshinsa da kyan ganinsa, har mai ci ya yi santi.

Ga kuma jinkiri da ke ƙara rufe musu asiri. Wata ƙwayar cikin awa ɗaya zuwa shida take tayar da amai, wata sai ta kwana. Salmonela, wadda aka fi samu a kaza da ƙwai, takan ɗauki daga awa shida har kwana shida kafin ta bayyana. Kafin lokacin an manta da kazar. Sai a ɗora wa mangwaron da aka sha ɗazu, ko a ce shawara ce, ko basir, in jariri ne a ce haƙori yake fitarwa. Tukunyar da ta yi ɓarnar kuwa gobe ma haka za a sake barinta.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin da ya kamata duk mai girki ya ji. Kowace shekara mutum miliyan 600 ke kwanciya ta dalilin gurɓataccen abinci, kusan ɗaya cikin kowane goma a duniya. Mutum 420,000 daga ciki ba sa tashi, kuma 125,000 daga mamatan yara ne da ba su cika shekara biyar ba. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi ɗanɗana kuɗarta: sama da miliyan 91 ke kamuwa, 137,000 ke rasuwa. Ba duka ne laifin ajiya ba. Akwai gurɓataccen ruwa, da ƙazamin hannu, da ƙuda, da hatsin da ya yi fumfuna. Amma kaso mai yawa yana komawa ga abu biyu da ke hannunku kullum: zafin da abinci yake ciki, da daɗewarsa a haka.

Lamba biyu nake so ku haddace, a ma'aunin Salshiyos: 5 da 60. Ƙasa da digiri 5, yawancin ƙwayoyin cuta suna lafawa, ba sa ƙaruwa sai kaɗan-kaɗan. Sama da digiri 60 ba sa iya hayayyafa, in aka kai 70 kuma suna mutuwa. Tsakanin nan ne suke walwala, kuma inda suka fi jin daɗi shi ne kusa da ɗumin jikin ɗan Adam, digiri 37. In ta sami abinci mai laima da irin wannan ɗumi, ƙwaya ɗaya takan rabu biyu cikin minti 20. Bayan awa ɗaya ta zama takwas, abin da bai taka kara ya karya ba. Bayan awa bakwai kuwa ta haura miliyan biyu. Yanzu ku tuna dafa-dukan da aka sauke gab da magariba a watan azumi, aka ci aka rage, aka rufe aka tafi tarawihi, aka dawo aka kwanta, sannan aka jawo shi da sahur aka ci da sanyinsa. Ku ƙirga awannin da kanku.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a ɗaki. Ma'aikatar gona ta Amurka ta ƙara da cewa in zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. Wannan ƙarin mu ya fi shafa. Ɗakin da mai rubuta littafin girki a Ingila yake nufi bai fi digiri 20 ba. Mu kuwa a watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram sukan haura 40, balle kicin mai rufin kwano da ake hura wuta a ciki. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da muke rawar ɗari, ɗakunanmu ba sa sauka zuwa 5. Kusan duk shekara, abin da muka ajiye a kan tebur yana zaune ne daidai inda ƙwayoyin cuta suke so.

Wani zai ce, to iyayenmu da ba su da firji fa? Tambaya ce mai kyau, kuma ina so ku dubi abin da suke yi da idon basira. Tsohuwa ba ta kwanciya sai ta mayar da miya kan wuta ta zaɓalɓala. Ta rufe da murfi. Daga nan dokar ita ce kada kowa ya sa ludayi, balle yatsa. Da asuba ta sake tafasa ta, a yayyanka tuwon a jefa cikin tafasasshen ruwa ko miya har tururi ya ratsa shi. Kowane mataki a nan yana da dalili. Tafasar dare tana kashe abin da ya taru tun yamma. Murfin yana tare ƙuda da ƙura da kyankyaso. Hana taɓawar kuwa shi ne mafi hikima, domin akwai wata ƙwaya, Sitafilokokus, da ke zaune a hanci da fatar lafiyayyun mutane, kamar mutum ɗaya cikin uku ko huɗu. In ta faɗa abinci mai ɗumi ta sami awanni, sai ta zubar da gubar da tafasa ba ta karya ta. Yatsan da aka tsoma don lasa da tsakar dare yana iya lalata tukunyar da ko an tafasa ta da safe ba za ta gyaru ba.

Da yawanmu yau mun rage wa aikin ƙarfi. A ɗora a kan gas minti biyu, gefe ya ɗan yi ɗumi, tsakiya da sanyinta, a sauke saboda ana sauri. Wannan ya fi rashin ɗorawar muni, don an ƙara wa ƙwayoyin ɗumin da suke nema. Ɗumame na gaskiya sai miya ta tafasa ana juyawa, sai tururi yana tashi daga tsakiyar abinci, wato kamar digiri 74 ko'ina a cikinsa. Mai amfani da maikurowef ya sani cewa tana barin wasu wurare da sanyi, sai a tsaya a juya a sake kunnawa. Kuma sau ɗaya ake ɗumamawa: a ɗebi abin da za a ci, a bar sauran cikin sanyi. Ban ce dabarar iyayenmu ta kai firji ba, musamman a bazara. Wanda yake da firji mai aiki ya yi amfani da shi. Wanda ba shi da shi ya yi tasu dabarar cikakkiya, kada ya yi rabi ya bar rabi.

Sai dai akwai abincin da wannan dabara ba ta isar masa, kuma shi ne muka fi ci yanzu: shinkafa, da ƙanwarta taliya. Ɗanyar shinkafa takan zo da wata ƙwayar ƙasa, Basilus, wadda in ta ji wuya sai ta dunƙule cikin ɓawo mai tauri, kamar irin ciyawa da ke kwance a busasshiyar ƙasa duk rani yana jiran ruwan farko. Dafuwa ba ta kashe ta a wannan hali. Da shinkafa ta fara hucewa sai ta farka ta shiga hayayyafa, ta zubar da guba a ciki. Gubar nan tana jure zafin da ya fi na tafasasshen ruwa, saboda haka soyawa ko turarawa ba su da tasiri a kanta. Yawanci amai ne na yini ɗaya ya wuce, amma ba kullum ba. A 2008 a ƙasar Beljiyam, wani ɗalibi ɗan shekara 20 ya ɗumama taliyar da ya dafa ya bari a kicin kwana biyar, ya ci, amai ya kama shi, ya kwanta, kafin gari ya waye ya rasu. Likitocin da suka bincika sun sami wannan ƙwaya da gubarta a taliyar. Ɗalibai, da ku nake. Tukunyar shinkafar da kuke dafawa ranar Lahadi don ta kai ku Talata a ƙarƙashin gado, ku daina. Shinkafa in ta rage, a baza ta a faranti ta huce da wuri, ta shiga firji cikin awa ɗaya, a cinye ta washegari. In ba firji, a dafa daidai ciki.

Yanzu bari mu zo kan kula, domin a nan na fi jin tsoro. Babu gidan biki ko suna ko walima da za ka shiga ba ka ga kuloli jere ba, kuma mun ɗauka duk abin da ya shiga cikinta ya tsira. Kula ba ta da wuta. Zafin da aka zuba mata take riƙewa, yana zurarewa a hankali. Shinkafar da aka kwashe da hantsi tana iya kaiwa azahar sama da 60 in kular a cike take kuma ba a buɗe ta ba. Amma kowace buɗewa tana tafiya da zafi, kular da ta koma rabi kuma saurin hucewa take. Zuwa la'asar abincin ya sauko wajen digiri 45, a hannu ana jin ɗuminsa, kowa hankalinsa kwance. Alhali akwai wata ƙwaya, Kulostiridiyum, da ta shahara a manyan tukwanen nama da miya, wadda ta fi son digiri 43 zuwa 47, kuma a nan tana iya ninkuwa cikin kamar minti goma. Ciwon nata murɗar ciki ne da gudawa, awa shida zuwa 24 bayan an ci. Lokacin kowa ya koma gidansa, wannan a Fagge, wancan a Hotoro, wata ta kama hanyar Zariya. Kowa shi kaɗai yake fama, ba wanda zai haɗa zancen ya gane tukunya ɗaya ce.

Ku masu sana'ar girkin biki, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya biya ku ya damƙa muku cikin baƙinsa ne, har da tsofaffi da masu juna biyu da yara. Kada ku gama girkin dare tun da asuba don ku huta. A raba shi kashi-kashi, na ƙarshe ya sauka kusa da lokacin rabo. Miya da farfesu su zauna a kan garwashi suna ɗan motsi har a gama. Kafin a zuba abinci a kula, a ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, a zuba yana tururi, a cika ta, a rufe. Ƙananan kuloli da yawa sun fi babba ɗaya da za a yi ta buɗewa. Salak mai mayonez da ƙwai wurinsa kan ƙanƙara. Cusa shi cikin roba ɗaya da shinkafa mai zafi yana ɗumama salak ɗin, yana kuma hucar da shinkafar, an yi asara biyu. Ku rubuta lokacin da aka kwashe a jikin murfi. Ku sayi ma'aunin zafin abinci, mai tsinken da ake sokawa. Kuɗinsa ba komai ba ne a kan abin da kuke kashewa a cefanen biki ɗaya. In ma'aunin naku na Faranhait ne, 140 shi ne 60 ɗinmu, 165 kuma 74. Ku kuma mahalarta, robar da aka miƙo muku da yamma ba ku san tun yaushe aka zuba ta ba. In za a ci a ci nan take. Kada ta yini a bayan mota ta kwana a kan tebur a ba yara da safe.

Hucar da abinci ma aiki ne. Babbar tukunyar miya in aka tura ta firji yadda take, gefenta zai yi sanyi, cikinta kuwa ya kwana da ɗumi, ta kuma ɗumama maƙwabtanta. Ƙa'idar gidajen abinci a Amurka ita ce abinci ya sauko daga 57 zuwa 21 cikin awa biyu, sannan ya kai 5 cikin wasu awa huɗu. A ɗakin da shi kansa yake 35, iska ba za ta taɓa kai shi 21 ba, ko shekara zai yi. Sai a rarraba a mazubai masu faɗi marasa zurfi, kaurin abincin kada ya wuce tsawon ɗan yatsa, ko a tsoma gindin tukunyar a bahon ruwan sanyi ana juyawa. Da tururin ya lafa, a sa a firji. Ba sai ya huce sarai ba.

A wajen dahuwa kuwa mun yi sa'a, don girkinmu na gado ba ya wasa da wuta. Naman da ya yi awa yana tafasa a miya ya wuce duk wani ma'auni. Matsalar tana wajen gashi da sababbin cimaka. Kaza sai ta kai digiri 74 a wurin da ya fi kauri, wato cinya, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba. In ba ma'auni, a tsaga har ƙashi: kada a ga ja, ruwan da ke fita ya zama garau. Kazar da aka ɗora kan wuta mai ƙarfi takan ƙone a waje cikinta ɗanye, balle in ƙanƙara ba ta gama sakinta ba. Gundumen naman sa ko na rago ƙwayoyin suna bayansa ne, wuta na fara cin su, don haka 63 ta isa in aka bar shi ya ɗan huta minti uku. Niƙaƙƙen nama dabam ne, domin injin niƙa ya riga ya cusa na wajen cikin tsakiya. Shi sai 71. A 1993 a Amurka, boga da ba a gasa ta kai ba a wasu shagunan abinci ta kwantar da mutum sama da 700, yara huɗu suka rasu. Ku masu boga da samosa da shawarma ku riƙe wannan. Ƙwai kuma, mai shayi, a bar shi har gwaiduwar ta kama, musamman in yaro ko mai ciki za a ba.

Tsire siriri ne, wuta na ratsa shi. Haɗarinsa yana zuwa bayan gashi, in aka tara shi a gefen tukuba tun la'asar yana shan ɗumi da ƙura, sannan aka yanka shi da wuƙar da ta yanka ɗanye, a kan katako ɗaya, aka haɗa da albasa da kabeji. Mai saye ya ce a mayar masa kan wuta har ya ji yana ƙara. Mai sayarwa ya ware wuƙa da katako na gasasshe.

Firji kuwa sai da wuta, kuma kun san halin wutarmu. Ya kamata cikinsa ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa, firiza kuma a 18 ƙasa da sifili. In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu. Firizar da ke cike takan kai awa 48, mai rabi awa 24, muddin an bar ta a rufe. Saboda haka a cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare, a kuma hana yara zaryar buɗewa. Ga wata dabara ga mai tafiya: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora tsakuwa a sama, a bar shi a firiza. In ka dawo ka tarar da tsakuwar a gindin kofi, kayanka sun narke sun sake daskarewa ba ka nan, ko da yanzu sun yi tauri kamar ba abin da ya faru. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya saki sarai ya yi awanni da ɗumi, sake daskarar da shi ba ya goge abin da ya riga ya faru, domin sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake. Wata ma, Listeriya, a cikin firjin take ci gaba da ƙaruwa sannu a hankali. Ita ce ta kama mutum sama da 1,000 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta hanyar sarrafaffen naman da ake ci ba a dafa ba, sama da 200 suka rasu, jarirai da yawa a ciki. Don haka sauran abinci kada ya wuce kwana uku zuwa huɗu a firji. Ɗanyen nama kuma a can ƙasa, a rufe, don kada ruwansa ya ɗiga kan dafaffe.

Kuskuren da na fi gani a gidaje shi ne a fito da kaza daga firiza da safe a ajiye ta a baho, ko ma a rana, har a dawo daga aiki. Bayanta yakan saki cikin awa ɗaya ya ɗauki zafin ɗaki, tsakiya tana nan daskare, sai bayan ya yini yana tara ƙwayoyi. Hanyar da ta fi ita ce a sauko da ita daga firiza zuwa firji tun daren jiya. In ana sauri, a ƙulle ta a leda a nutsar a ruwan sanyi, ana canja ruwan duk minti 30, a dafa da zarar ta saki. Ruwan zafi ba ya cikin lissafi. Naman miya da aka yanka ƙanana ma ana iya jefa shi tukunya da ƙanƙararsa, sai dai a ƙara masa kamar rabin lokacin da aka saba.

Kifin ƙanƙara yana da nasa sharrin. Irin su taitus in suka daɗe a zafi, wani sinadari mai suna histamin yana taruwa a tsokarsu, kuma suya ba ta kawar da shi. Minti kaɗan bayan an ci sai fuska ta yi ja, kai ya yi ciwo, jiki ya hau ƙaiƙayi, mutum ya ɗauka kifi ne bai karɓe shi ba. Ku sayi wanda aka fito da shi daga sanyi a gabanku, mai tauri, ku bar wanda ya yini a kan tebur ana kora masa ƙuda. Ya zama shi ne ƙarshen cefane, daga nan sai gida.

Naman layya ma a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a ƙarshen bazara da farkon damina, ga zafi ga laima. Kayan ciki a gama da su ranar yanka. In za a rataye rago, a inuwa mai iska, kuma gwargwadon gajartar lokacin gwargwadon alheri. Tara ɗanyen nama a daro ko a buhun leda shi ne mafi muni. Mutanen Yamai da ke jera raguna a kan sanduna kewaye da babbar wuta tun ranar sallah sun rage wa kansu wannan damuwa. Suyar da za ta daɗe sai ruwan naman ya ƙone ƙaf, don rashin laima ne ke tsare shi, kamar yadda yake tsare kilishi. Mai firiza kuma kada ya cusa rabin rago da ɗuminsa lokaci ɗaya. A ƙulla ƙanana, a shimfiɗe, su daskare da wuri.

Akwai tukunya-cikin-tukunya da malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000: tukwanen ƙasa biyu, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwa na bushewa yana janye zafi. Tana ƙara wa tumatir da gauta da alayyafo kwanaki, musamman lokacin da iska take bushe. Amma sanyinta ba ya kaiwa 5, don haka ba wurin nama ko madara ko dafaffiyar shinkafa ba ce.

Ku iyaye mata matasa, cikin jariri ba ya ɗaukar abin da na babba zai ɗauka. Kunun da aka dama da madara da safe aka zuba a fulas ana ba shi har la'asar, ɗumin nan da kuke so saboda bakinsa shi ne ɗumin da ƙwayoyin ke so. A dama kaɗan, sabo, kowane lokaci. Madarar gwangwani ta jarirai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa ta da ruwan da bai gaza digiri 70 ba, a hucar da ita kafin a ba shi, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Madarar shanu ɗanya a tafasa ta tukuna. In kuma tsautsayi ya faɗa, amai da gudawa suka kama wani, abu na farko ruwa ne: garin ORS na kemis, ko lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana kurɓa a kai a kai. Kada a ruga a haɗiyi Flagyl ba da izinin likita ba. In aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ba abin da ke zama a ciki, ko fitsari ya ɗauke, ko idon yaro ya faɗa, asibiti kai tsaye.

Na san abin da ke ranku tun ɗazu: a wannan tsadar, wa zai zubar da abinci? Kuma an hore mu da gudun almubazzaranci, horo mai kyau. Amma almubazzarancin ya faru ne tun lokacin da aka auna mudu biyu a gidan da ɗaya ya isa, ko aka bar tukunya a buɗe aka tafi hira. A nan ake tare shi. Abin da ke min ciwo shi ne inda abincin da muke shakka yake ƙarewa. Mun sansana, zuciya ba ta kwanta ba, ba za mu ba 'ya'yanmu ba, sai mu juye a robar almajirin da ya yi sallama da safe. Yaron nan ya fi namu rauni. Ba ya ƙoshi, robarsa ta haɗa abincin gida uku tana yawo a rana, in ciki ya murɗe shi da dare ba uwa a kusa, ba kuɗin asibiti. In kun san abinci zai rage, ku fitar da rabonsa tun tukunyar tana tururi, ku aika wa maƙwabta nasu a lokacin, ku kira mai gadi ya karɓa da zafinsa. Wanda ya riga ya wuce lokacinsa kuwa, a ƙulle shi a leda a kai shara ko a haƙa rami a binne, kada a ajiye shi a bakin ƙofa inda yaro mai yunwa zai gani ya ɗauka.